Shin waya ce ta cinye mini hadda?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya, shekaruna 34. Ina da shagon kayan waya a PZ, kuma ina karatun ƙarshen mako. Ina yaro na haddace izu 20 a makarantar allo, kuma lokacin da nake sakandare lambobin abokaina duk a kaina suke. Yau ko lambar maiɗakina ban riƙe ba. Sai in karanta shafi 3 da daddare, da safe kamar an share. Wani lokaci in shiga ɗaki in tsaya, na manta abin da ya kawo ni. Waya ce ta lalata mini ƙwaƙwalwa, ko wani ciwo ne ke tafe? Kuma akwai magani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abubuwa uku ka ƙunso mini wuri ɗaya: lambar da ta ƙi zama, karatun dare da ke zubewa kafin gari ya waye, da tsayuwar tsakar ɗaki. Ka rataya su duka a wuyan waya, kuma a ƙasan ranka kana tsoron ciwo. Kowannensu da dalilinsa. Na daɗe ina koyar da aikin ƙwaƙwalwa a garin nan, kuma kafin boko ni ma na riƙe allo a cikin birni, saboda haka ta fuskokin biyu zan amsa maka. A yadda ka kwatanta, ban ga alamar lalacewa ba. Hidimar da kake yi wa ƙwaƙwalwar a da ce ka daina, kuma waya ce ta sauƙaƙa maka dainawar.

Yadda abu ke shiga ya zauna

Kai da kake sayar da memori, ka san in aka tura hoto cikinsa yana nan yadda aka tura shi, ko bayan shekara biyar. Da yawa suna zaton haka kanmu yake aiki, kuma daga nan ruɗanin ke farawa.

Duk abin da ka ji ko ka gani, yana fara sauka ne a wani ɗan riƙo na wucin gadi da bai fi tafin hannu ba. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa abubuwa kamar 7 yake ɗauka a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa abin ya fi kusa da 4. Kullum kana ganin haka a shagonka. Mai saye zai turo maka kuɗi, kana karanto masa lambar asusu mai lambobi 10, kuma ba ka taɓa zubo ta a jere ba, sai ka gutsuttsura: uku, uku, huɗu. Yana cikin dannawa wani ya yi sallama, ya ɗago ya amsa, sai ka ji ya ce, "Maimaita mini daga farko." Hannunsa a cike yake aka miƙo masa wani abu, na farkon ya faɗi. Tsayuwarka a tsakar ɗaki ma daga nan take. Ka taso da niyyar ɗauko makulli, a hanya yaro ya yi magana ko waya ta yi ƙara, niyyar ta faɗi. Har an gwada wannan a 2011, inda Gabriel Radvansky ya nuna cewa ratsa ƙofa kawai kan sa mutum ya saki abin da yake riƙe da shi a rai. Wannan kam ka cire shi daga lissafin damuwarka, kowa na yi.

Abin da ya tsira daga tafin hannun sai ya bi ta wani sashe da ake kira hifokamfas. Guda biyu ne, can cikin kai, kusan saitin kunnuwa. Yadda aka gano aikinsa labari ne mai ban tausayi. A 1953 aka yi wa wani saurayi ɗan Amurka, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa mafi yawan wannan sashe a gefe biyun. Yana da shekara 27. Farfaɗiyar ta lafa, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 kusan babu sabon abin da ya sake zauna masa. Yarintarsa tana nan, hankalinsa garau, zai yi hira da kai lafiya lau, ka fita ka dawo bayan 'yan mintuna ya gaishe ka kamar baƙo. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta koya masa zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kowace rana hannunsa na ƙara gwanancewa, kowace rana kuma yana cewa bai taɓa yin wannan abu ba. Daga nan aka gane cewa tunawa kala-kala ce: ta labari daban, ta sani daban, ta hannu daban, kamar tuƙin babur ko ɗaurin rawani.

Sannan kuma abin da aka ajiye ba ya fitowa yadda ya shiga. Akwai wani gwaji da nake yi wa ɗalibaina a makon farko. Sai in ce kowa ya ajiye biro, in karanto musu kalmomi: gado, filo, bargo, mafarki, minshari, gyangyaɗi, hamma, dare, gajiya, katifa, tabarma, farkawa. In ja su da wata hira ta minti biyu, sannan in ce kowa ya rubuta abin da ya ji. In na tambayi waɗanda suka rubuta "barci", hannuwa sai su tashi ko'ina a ajin. Ban faɗe ta ba. Akwai shekarar da wata ɗaliba a layin gaba ta rantse mini cewa ita ce ta uku da na faɗa, sai da na miƙa mata takardar ta duba da idonta. Gwajin ba nawa ba ne, Roediger da McDermott ne suka yaɗa shi a 1995, ni dai na sa masa kalmomin gida. Ƙwaƙwalwa ma'ana take kamawa, in aka zo tunawa sai ta sake ɗinka abin daga ƙyallayen da ta samu. Shi ya sa 'yan'uwa biyu za su yi ta musu kan abin da ya faru ranar wani suna, kowa na rantsuwa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Sirrin wanke allo

Mantuwa tana da saurinta, kuma an auna shi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi shekaru yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa, ya fitar da sakamakon a 1885. Bayan awa 1 fiye da rabin wahalarsa ta tafi, bayan kwana 1 kusan kashi 2 cikin 3, daga nan zubewar ta rage gudu. In abin da ake haddacewa yana da ma'ana asarar tana raguwa, amma yanayin zubewar haka yake: mafi yawa a farko-farko ake rasawa. To shafi 3 da ka karanta sau ɗaya da daddare, zubewarsu da safe ita ce ƙa'ida. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san haka tun kafin mu ji sunan Ebbinghaus, don an karantar da mu hadisin da ke cewa a riƙa bibiyar Alƙur'ani, ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Yanzu ka koma ka tuna yadda izu 20 ɗin nan suka shiga kanka. Da hannunka ka rubuta, da tawada da alƙalami, harafi bayan harafi, kuma ɗan kaɗan, iya abin da fuskar allo ta ɗauka. Malam ya biya maka. Ka koma gefe kana ta rerawa da ƙarfi har murya ta dishe. Sannan babban abin: ba a ba ka izinin wankewa sai ka kife allon a cinya ka kawo karatun da ka. In ka yi tuntuɓe, malam ba ya saurin ɗora ka, sai ya bar ka ka ɗan yi lalube, in abin ya gagara ya jefo maka kalma ɗaya. Ka wanke, rubutun ya bi ruwa, babu sauran inda karatun yake sai ƙirjinka. Gobe da asuba ga tilawa, ga tishen na baya, na makon jiya da na watan jiya, a kai a kai.

Wannan lalube da muke jin haushinsa muna yara, shi ne aikin. A 2006 Roediger da Karpicke suka raba ɗalibai a wata jami'a a Amurka. Wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu har zama huɗu. Wasu zama ɗaya suka karanta, sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, kuma su ne suka fi amincewa da kansu. Bayan mako 1 sai labari ya sha bamban: masu lalube sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Duk lokacin da ka jawo abu daga kanka ba tare da dubawa ba, kana ƙara taka hanyar da ke kaiwa gare shi, kamar yadda ƙafa ke fitar da turba a gona. Sake karantawa kuwa yaudara gare shi, don ido na ganin abin da ya saba sai zuciya ta ce ai na sani.

To wayarka allo ce da ba a taɓa wanke ta. Lokacin da kake sakandare, in za ka kira aboki sai ka je wajen masu lema da ake biyan kuɗin kira a minti, ka danna lambobi 11 da ka, kuma in ka kuskure kuɗinka ne ya tafi. Kowane kira tishe ne. Lambar maiɗakinka kuwa sau ɗaya ka danna ta, ranar da ka adana, tun daga nan suna kake taɓawa. Ba ta taɓa shiga ba balle a ce ta fita. Ni ma abin ya taɓa ritsawa da ni. Wata rana da daddare mota ta mace mini wajen Kwangila, caji kuma ya ƙare. Wani yaro mai sayar da rake ya miƙo mini wayarsa, na riƙe ta ina kallo, ba lambar kowa a gidana da ta zo mini. Wadda ta zo tiryan-tiryan ita ce ta tsohuwar wayar tebur ta ofishin mahaifinmu, mai farawa da 069, layin da ya mutu tun tuni.

Abin da waya ke yi, da wanda ba ta yi

A 2011 Betsy Sparrow da abokan aikinta suka sa mutane su buga 'yan bayanai 40 a kwamfuta. Rabi aka ce musu za a adana, rabi aka ce za a goge. Waɗanda suka ɗauka za a goge su suka fi tunawa. A wani gwajin kuma mutane sun fi tuna inda aka ajiye bayani fiye da bayanin kansa. Gaskiya ita ce wani ɓangare na wannan bincike an sake gwada shi a 2018 bai fito ba, saboda haka ba na ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Amma jigon maganar ya dace da abin da muka sani: in rai ya natsu cewa abu na nan a ajiye, ba ya wahalar da kansa. Ba kuma sabon hali ba ne. Kowane gida akwai gwaggon da ake komawa wajenta in ana son sanin wa ya girmi wa, kuma a ƙofar fada akwai masu kirarin da ke riƙe da jerin sarakunan Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sauran jama'a sun sallama musu. Bambancin shi ne gwaggo in ka tambaye ta sai ta haɗa maka da labari da faɗa, har abin ya zauna maka. Google amsa kawai zai miƙo, ka karɓa ka wuce.

Hoto ma haka. A 2014 Linda Henkel ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu abubuwan su kalla, wasu su ɗauka a hoto. Washegari waɗanda suka ɗauka a hoto su suka fi ɓace musu, sai dai inda suka tsaya suka matso da wani sashe na abin kafin su ɗauka. Ina ganin wannan kowane mako. Ina gama rubutu a allon aji sai wayoyi su tashi sama kamar ana ɗaukar amarya. Lokacin jarrabawa ɗalibi zai zo ofis da ɗaruruwan hotuna a waya, ya ce bai gane komai ba, in na bincika ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara faɗaɗa ƙofar, don yanzu har taƙaitawar ma yi wa mutum ake yi, alhali taƙaitawa da bakinka tana cikin abin da ke zaunar da karatu.

Amma a wurina ɓarnar da ta fi girma ta wajen natsuwa take. Ka dubi daren da ka karanta shafi ukun nan. Ina wayar take? Na tabbata a gefen littafin take, kuma kafin ka kai ƙarshen shafin farko ka leƙa WhatsApp sau biyu, wani kwastoma na tambayar farashin caja. Kowane leƙe yana zubar da abin da ke tafin hannun, sai ka dawo ka ci gaba daga inda ido ya tsaya, alhali zaren ya tsinke. Daga nan ka kwanta da ita a hannu har ƙarfe ɗaya. Shi kuwa hifokamfas cikin barci mai nauyi yake sake bitar abin da aka koya da rana yana miƙa shi ma'ajiya mai ɗorewa. Wanda ya yanke barci ya yanke wannan bitar. Shi ya sa nake faɗa da ɗalibai masu kwanan aji, abin da suke kira TDB: za ka iya haye jarrabawar gobe, amma bayan mako biyu babu abin da ya rage.

Masu cewa waya tana kashe ƙwaƙwalwar matasa kamar ciwon mantuwar tsufa, ban bi su ba. Gwaje-gwajen da na ambata mafi yawansu a kan ɗaliban jami'a na ƙasashen waje aka yi su, cikin awoyi ko kwanaki, kuma sauyin ɗabi'ar tunawa suke nunawa, babu wanda ya nuna rauni a jikin ƙwaƙwalwa. Hujjar da ta fi ƙarfi ma ta ɗaya gefen take. Direbobin tasi na Landan sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, karatun shekara 3 zuwa 4. Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa sashen baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, a 2011 kuma aka bi masu koyo tun daga farko, aka ga girman ya bayyana ne ga waɗanda suka kammala suka ci jarrabawar. Manya ne, wasunsu sun girme ka. Mai Keken da zai ɗauke ka daga Ƙofar Doka ya ratsa lungunan Kwarbai ya fitar da kai Limancin Kona ba tare da ya tambayi kowa ba, irin wannan aikin yake yi wa kansa kullum.

To me za ka yi?

Kar ka jefar da waya, da ita kake cin abinci. Farashin kaya, lissafin bashi, lambobin dillalai, duk ka bar mata, ta fi ka riƙo. Ka dai ware abin da kake son ya zauna a ƙirji ka yi masa irin hidimar allo. Lambar maiɗakinka da ta wani ɗan'uwa ɗaya, ka riƙa danna su da hannu duk kiran da za ka yi, cikin mako guda sun zauna.

Karatu kuwa, ka kai wayar wani ɗaki, kifewa a gefe ba ta isa ba. Karanta shafi ɗaya, rufe littafin, ɗauki takarda ka rubuta abin da ka fahimta da kalmominka, sannan ka buɗe ka ga abin da ya tsere. Za ka ji abin na da wuya kuma kamar ba ka sauri, to haka ake so. Gobe kafin ka buɗe sabon shafi ka fara kawo na jiya da ka, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako. In za ka yi amfani da manhaja, ka sa ta ta riƙa yi maka tambayoyi kana amsawa, kamar yadda Anki ke yi, maimakon ta tauna ta ba ka.

Izu 20 ɗin ma ba su tafi ba. Ebbinghaus ya lura cewa abin da aka taɓa haddacewa, ko an ɗauka ya ɓace, sake koyonsa ya fi na farko sauri. Ka samu abokin tishe a masallacin unguwarku, sumuni ɗaya bayan asuba, shi ya riƙe Alƙur'ani kai ka kawo, kuma ka roƙe shi kar ya yi saurin ɗora ka.

Zabibi da zuma abinci ne masu kyau, ka ci abinka, amma ba za su yi maka tishe ba. Kwalaben "ƙarin hadda" da ake talla da lasifika a tasha, ka riƙe kuɗinka. Wasannin waya masu cewa suna wasa ƙwaƙwalwa, wasan kawai za ka gwanance, har wani kamfaninsu a Amurka ya biya dala miliyan 2 a 2016 saboda alƙawuran da ya kasa tabbatarwa.

Saura maganar ciwo. Daga nesa nake amsa maka, ban auna ka ba, kuma rubutu ba ya maye gurbin ganin likita. Mantuwar makulli ko kokwanton raka'a ta kowa ce. Wadda ke sa mu miƙe zaune ita ce mutum ya ɓace a hanyar da ya saba bi, ko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, ko lissafin canjin da ya saba yi ya gagare shi, ko jerin alwala ya rikice masa, musamman in iyali ne suka fara lura kafin shi. A shekarunka ciwon mantuwar tsufa abu ne mai wuyar samu. Abin da aka fi tararwa shi ne ƙarancin barci, damuwa mai nauyi, ƙarancin sinadarin B12, matsalar ƙullin maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, buguwar kai a haɗari, ko shan ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin da magungunan sa barci, kuma mafi yawansu suna da magani. Hawan jini da ciwon suga ma a hankali suke taɓa jijiyoyin kai, don haka ka auna su ko da kana jin garau. In ɗaya daga cikin alamun nan ya yi kama da naka, ko ka gyara barci da karatu na wata biyu ba ka ga sauyi ba, ka je asibitin koyarwa na Shika. Ka tafi da maiɗakinka, don likita zai so jin abin da ita ta lura da shi, ka kuma haɗa da kwalayen duk maganin da kake sha, har na gargajiya.